Yadda za ka tantance bayani kafin ka zuba shi a furojek ɗinka

Idan lokacin furojek ya zo a Jos ba sai an faɗa maka ba, za ka ga 'yan ajin ƙarshe sun cika shagunan firintin na Bauchi Road da Farin Gada da bakin Naraguta, kowa da filas a hannu ana ta fitar da babi na biyu, wato inda ake bitar abin da wasu suka riga suka rubuta. Bayan kwana biyu kuma ka ga rabinsu sun dawo da takardun duk jan biro, kuma in ka duba abin da sufabaiza ya rubuta a gefe kusan iri ɗaya ne: a ina ka samo wannan? Wa ya faɗa? Wace shekara? Wannan rubutun don ƙannena ne maza da mata da ke wannan matakin, ko a jami'a kake ko foli ko kwalejin ilimi, zan dai riƙa cewa "ka" don sauƙi, ƙanwata kar ki ce an bar ki a baya.

Mu da muka taso muna jin malaman hadisi ai abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Ba a karɓar magana don ta yi daɗi a kunne, sai an bi isnadinta, wane ya ji daga wane, shi wanen nan yana da riƙo ko mai mantuwa ne, sun ma yi zamani ɗaya kuwa? To aikin da ake so ka yi wa kowane layi da za ka ɗauko ke nan, ka bi shi har bakin wanda ya fara faɗa.

Na farko: ka rage girman tambayarka

Kar ka buɗe Google tukuna. Ɗauki biro ka rubuta abin da kake nema a layi ɗaya, da wuri da mutane da lokaci. "Matsalolin noma a Najeriya" ba tambaya ba ce, za ka shekara kana tara takardu ba ka gama ba. Amma "asarar da manoman dankalin turawa ke yi bayan girbi a Bokkos" wannan kam abu ne da za ka iya riƙewa. Da shi zan riƙa misali har ƙarshe, kai sai ka sa naka a gurbinsa.

Daga wannan layin ka fitar da kalmomi uku ko huɗu na bincike, da turanci tunda yawancin abin da aka wallafa da shi ne. A nan gida ana rubuta Irish potato, amma masu bincike na waje sukan yi amfani da sunan kimiyya Solanum tuberosum, to ka gwada duka biyun, in ba haka ba rabin takardun ba za su fito maka ba, ko kuma dankalin Hausa ya cika maka shafi. Haka wurin, ka gwada Bokkos, ka gwada Mangu, ka gwada Jos Plateau.

Na biyu: inda ake nema

Google na yau da kullum yana da amfaninsa amma ba nan ake fara babi na biyu ba, domin abin da zai fara jefo maka shi ne shafukan masu sayar da furojek, babi na ɗaya kyauta sauran ka tura kuɗi. Ka tsallake su. Ko ba don maganar satar fasaha ba, waɗannan takardun ba ka san wa ya rubuta su ba, an sayar wa mutum ɗari kafin kai, kuma jerin manazartan da ke ƙarshensu sau da yawa ba su da alaƙa da abin da ke ciki.

Je Google Scholar. Ka sa kalmomin da kake so su fito tare a cikin alamar zance, kamar "post-harvest losses", sai ka ƙara potato da Plateau a waje. A gefe akwai wurin zaɓen shekara, ka fara da shekaru biyar zuwa goma na baya-bayan nan. Ƙarƙashin kowace takarda akwai wasu ƙananan rubutu da ɗalibai ba sa kulawa da su alhali nan alherin yake. Cited by zai nuna maka duk waɗanda suka zo daga baya suka ambaci takardar, ka ga takarda ɗaya mai kyau ta 2012 za ta iya kai ka ga goma na bayanta, har da waɗanda suka ce ba su yarda da ita ba. All versions kuma shi ne inda ake dacewa da PDF na kyauta idan babban shafin ya ce sai ka biya dala.

Sai AJOL, wato taskar mujallun ilimi na Afirka da ta fara aiki tun 1998, mujallun Najeriya da yawa suna can kuma da yawansu kyauta ne. Akwai DOAJ, ita tun 2003 take jera mujallun da ake karantawa kyauta bayan ta tace su. 'Yan likitanci da nas-nas su riƙe PubMed. Sannan ita kanta Jami'ar Jos tana da rumbun ajiya a intanet inda ake zuba ayyukan malamanta da kundayen digiri, haka ma wasu jami'o'in kamar ABU Zariya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗalibi ya yi shekara huɗu bai taɓa yi wa ma'aikacin laburare magana ba sai in zai karɓi jakarsa. Ka je ka gaishe shi, ranka ya daɗe ko Mama ina da tambaya, ka ce kana son sanin ko makaranta tana da rajistar taskokin mujallu irin su JSTOR ko Research4Life, wanda a cikinsa ake da HINARI ta harkar lafiya da AGORA ta harkar noma. Jami'o'i da yawa suna da shigar waɗannan, lambar sirrin tana hannun laburare, ba mai zuwa tambaya. In duk ta ƙi, ka duba imel ɗin marubucin a shafin farko na takardar ka aika masa saƙo mai ladabi layi uku, da yawansu suna turowa, daɗi ma suke ji wani ya nemi aikinsu.

Kuma ba komai ne ke intanet ba fa. Mai binciken dankali yana da reshen cibiyar binciken saiwoyi ta ƙasa a Kuru, mai binciken dabbobi yana da cibiyar Vom da ke nan tun 1924, ɗan tarihi kuma dole wata rana ya hau mota zuwa Kaduna, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, don fayilolin lardin Filato na zamanin Turawa suna can.

Na uku: kafin ka karanta, ka binciki mai maganar

Nan ne mutane ke yin aikin a juye. Sai a zauna a karanta shafi tun daga sama har ƙasa, a ga yana da tambari mai kyau da turanci mai santsi, a ce ai wannan sahihi ne. Kyan shafi ba hujja ba ce, yaro a Terminus zai haɗa maka irinsa a yini ɗaya. Wasu masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka, Sam Wineburg da Sarah McGrew, sun gwada wannan a 2017, suka ba malaman tarihi da ɗalibai da ƙwararrun masu tantance labarai shafuka iri ɗaya. Ƙwararrun ba su ɓata lokaci a cikin shafin ba, nan take suke fita su buɗe wani wurin su nemi abin da wasu ke faɗa game da masu shafin, kuma su ne suka fi saurin gano gaskiya. Kai ma haka za ka yi. Kwafi sunan marubucin ko ƙungiyar, ka buɗe sabon shafi ka nema. Yana koyarwa a wani wuri? Fanninsa ne ko ya yi shisshigi? Ƙungiyar wa ke ba ta kuɗi? Rahoto kan ingancin wani maganin feshi da kamfanin maganin ya ɗauki nauyinsa ba lallai ƙarya ba ne, amma ka san da wane ido za ka karanta shi.

Sai mujallar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe don ramin da ya fi cinye ɗalibanmu ke nan, har da wasu manya. Mujallar ilimi ta gaske idan an aika mata takarda sai ta tura wa masana biyu ko uku a fannin su duba su yi gyara ko su ce a yi watsi da ita, abin yana ɗaukar watanni. To akwai wasu da kasuwanci kawai suka buɗe, ka biya su buga, ko me ka rubuta. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irinsu har ya rufe jerin a farkon 2017, amma su ba su rufe ba, ƙaruwa ma suka yi. Alamunsu ba sa ɓuya in ka saba: suna alkawarin bugawa cikin kwana uku ko mako ɗaya, sunan mujallar ya haɗa komai da komai, injiniyanci da adabi da likitanci da addini duk a fitowa ɗaya, adireshinsu Gmail ne, babu sunan edita ko kuma akwai sunaye ba a faɗi inda suke aiki ba, sannan ka buɗe takarda ka ga kuskuren rubutu tun daga take. Ka ɗauki sunan mujallar daidai yadda yake ka nema a DOAJ da AJOL da Scimago, ka lura da kyau don suna kwaikwayon sunan manyan mujallu su canza kalma ɗaya.

Amma a yi adalci. Karɓar kuɗin bugawa shi kaɗai ba ya nuna mujalla ta bogi ce, manyan ma suna karɓa. Kuma akwai mujallun sassa da tsangayoyi na jami'o'inmu, musamman ɓangaren Hausa da tarihi da addini, da ba za ka same su a waɗancan jerin ba amma malamai na gaske ne ke tace su. Irin wannan sufabaizanka za ka tambaya, shi ya san na gida.

ResearchGate da Academia kuma ba mawallafa ba ne, wurin ajiya ne, kowa na iya ɗora abin da ya ga dama. In ka samu takarda a can ka duba a wace mujalla ta fito tun asali, ita za ka rubuta a manazarta.

Na huɗu: yadda ake karanta takardar

Ba daga farko zuwa ƙarshe ba. Karanta taƙaitawar da ke sama, in ta shafe ka sai ka tsallaka kai tsaye zuwa inda suka bayyana yadda suka yi binciken. Mutum nawa suka tambaya, a ina, a wane wata, ta yaya suka zaɓo su? Wanda ya tambayi manoma a ƙauye ɗaya da damina ba zai iya yi wa duk Filato hukunci ba, balle Najeriya, ko da ya rubuta hakan a take. Ka duba ko abin da suka kammala da shi ya yi daidai da teburan da suka nuna, don wani sai teburinsa ya ce abu kaɗan shi kuma ya cika baki a ƙarshe.

Ko babbar mujalla tana iya tuntuɓe. A 1998 The Lancet ta Ingila ta buga takardar Andrew Wakefield da ta alaƙanta wata allurar rigakafi da cutar galahanga, a kan yara 12 kacal, sai a 2010 aka janye ta bayan an gano maguɗi, amma har yau akwai masu yawo da ita. Don haka in takarda ce za ka jingina duk aikinka a kanta, ka sa takenta a Google tare da kalmar retracted, wato an janye, ka gani, minti ɗaya ne.

Na biyar: lambobi

Lamba tana da kwarjini, da an ga kashi kaza cikin ɗari sai kowa ya yi shiru. Misali ka ga an rubuta cewa kashi kaza na dankalin Filato yana ruɓewa kafin ya kai kasuwa, an sa sunan wani da 2019. Kar ka kwafa. Nemo ta 2019 ɗin, za ka iya tararwa shi ma daga wani na 2011 ya ɗauko, na 2011 ya ce wata hukumar duniya ce ta faɗa bai kawo sunan rahoto ba, ko kuma ka iso asalin ka ga ashe maganar kayan lambu ake gaba ɗaya a wata ƙasa daban. In ka bi sawu ya ɓace a hanya, ajiye lambar, furojek ɗinka ba zai mutu don ita ba. In kuma dole sai ka kawo abin da ba ka ga asalinsa ba, ka rubuta cewa wane ne ya ambato daga wane, kar ka nuna kamar ka karanta da idonka.

Lambobin ƙasa a ɗauko su daga masu su: Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa NBS, Babban Banki CBN, Hukumar Ƙidayar Jama'a, INEC in zaɓe ne. A Google in ka ƙara site:gov.ng a bayan kalmominka zai tsaya a shafukan gwamnati kawai, in ka ƙara filetype:pdf zai kawo rahotannin kansu. Jarida tana da amfani don sanin abin da ya faru da ranar da ya faru, amma in ta ce "wani rahoto ya nuna", rahoton za ka nemo.

Ko a wurin masu su ɗin ma sai ka buɗe ido. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya ta 2006 ce, mutum miliyan 140 da ɗoriya, duk wata lamba ta bayan nan hasashe ne kuma haka za ka kira ta. Sannan wanda zai kwatanta Filato ta ƙidayar 1991 da ta 2006 ya tuna cewa a 1991 Nasarawa tana cikin Filato, sai 1996 aka cire ta, kafin 1976 ma jihar Benuwai-Filato ce. In ba ka san wannan ba sai ka zauna kana bayanin abin da bai faru ba. Haka rashin aikin yi: NBS ta ba da kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka sauko daga sama ba, ma'aunin aka canza, a da sai ka yi awa 20 a mako kafin a cire ka daga marasa aiki, a sabon tsari awa ɗaya ta isa. Ɗalibin da ya jera lambobin nan biyu a jadawali ɗaya ba bayani, ranar difens zai sha tambaya.

Na shida: Wikipedia, WhatsApp da su ChatGPT

Wikipedia ka shiga abinka, ta turanci da ta Hausa, ka fahimci batun a dunƙule, sannan ka gangara ƙasa inda aka jera majiyoyi ka bi su. Ita dai ba a sa ta a manazarta.

Saƙon WhatsApp da aka turo sau da yawa ba majiya ba ne ko da an ce daga wani farfesa. Mutanen Jos ba sa buƙatar dogon wa'azi a kan wannan, an ga abin da ya faru a watan Agustan 2014 lokacin Ebola, da saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha, aka wayi gari mutane a gadon asibiti. In wata magana ce ke yawo kana son sanin matsayinta, duba Dubawa ko Africa Check, aikinsu ke nan.

ChatGPT da Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp kuwa, ba zan ce kar ka taɓa ba don na san za ka taɓa. Suna da kyau wajen yi maka bayanin abin da ya shige maka duhu ko ba ka kalmomin bincike. Amma kar ka ce su ba ka manazarta ka kwafa, suna ƙirƙiro takardar da ba ta wanzu ba, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske da shekara da lambar shafi, komai tsaf. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙago musu. Gwajin mai sauƙi ne: kwafi taken ka sa a Google Scholar cikin alamar zance, in akwai lambar DOI, wato lambar shaida ta takardar, ka liƙa ta a doi.org. In ba ta buɗe ba, ko ta buɗe wata takarda daban, goge. Ka kuma tambayi sashenku dokarsu a kan amfani da waɗannan, don kowane da nasa.

Na bakwai: hira da mutane

In aikinka ya haɗa da zuwa wurin dattawa ko manoma ko dillalan kasuwa, su ma majiya ne kuma ana tace su. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka rubuta shekarun mutum da sana'arsa da wuri da rana. Ka bambance wanda ya gani da wanda aka ba labari. A gari irin Jos da kowane ɓangare ke da nasa labarin abin da ya faru, wanda ya tsaya a unguwa ɗaya ya ji rabi ne. Takardun Turawan mulki ma haka, Di'o ya rubuta abin da tafinta ya gaya masa ne da abin da yake so na sama da shi su ji.

Na takwas: ka rubuta majiya tun a lokacin

Wannan shi ne mai sauƙi kuma shi ake bari sai daren ƙarshe. Duk takardar da ka buɗe ka ga za ta yi amfani, nan take ka rubuta marubuci, shekara, take, mujalla, fitowa da shafi. Mai laftof ya sauke Zotero, kyauta ne, da dannawa ɗaya yake adana duk wannan kuma ya jera maka su a tsarin APA ko duk wanda sashenku ke bi. Mai waya kawai ya sayi littafi mai layi na musamman don wannan, ya riƙa tura PDF ɗin zuwa imel ɗinsa saboda waya tana faɗawa ruwa, filas kuma yana ɗauko cuta a shagon firintin. Alamar zancen da ke ƙarƙashin takarda a Google Scholar tana ba da manazarta a shirye, amma ka duba ta, wani lokacin tana juya sunayenmu ta mai da sunan uba na yanka.

A cikin littafin ka raba abu uku kar su cakuɗe: maganar marubuci kalma da kalma, wadda za ka sa wa alamar zance da lambar shafi, sai abin da ka fahimta ka faɗa da bakinka, sai ra'ayinka kai kanka. Yawancin satar fasahar da manhajar Turnitin ke kamawa daga nan take farawa, mutum ya kwafi sakin layi a watan Maris da niyyar zai gyara, a watan Yuli ya manta ba nasa ba ne. Canza kalma biyu-uku a jimlar wani ba ya mai da ita taka. Rufe takardar, ka faɗi abin kamar kana yi wa abokinka bayani a mai shayi, ka rubuta hakan, sannan duk da haka ka sa sunan mai ita.

Kafin ka kai a yi maka bayindin, ka zauna da fensir ka bi aikin layi-layi. Duk sunan da ke cikin rubutu ka nemo shi a jerin ƙarshe ka yi masa alama, duk wanda ke jerin ƙarshe ba ya cikin rubutu ka cire, ka tabbata shekarun sun yi daidai a wuraren biyu. Sai ka zaɓi takardu biyar da aikinka ya fi dogara a kansu ka fitar da su a takarda ka tafi da su ranar difens, kowacce ka san wa ya yi ta, a ina, da mutum nawa, don malamin da aka gayyato daga waje yakan buɗe jerin manazarta ne ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce ba ni labarin wannan.